Ɓoye Addini Don Tsoron Mutane: Ina Ribarsa?

Daga wata ɗaliba 'yar aji huɗu, Sashen Hausa

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, maganar da na zo da ita yau ta shafi wani abu da yawancinmu muka san da shi amma muke kauce masa, wato halin da Kirista mai jin Hausa yakan shiga idan ya samu kansa a inda yake tsoron a san addininsa. Ra'ayina shi ne, ya fi kyau mutum ya faɗi abin da yake bi a fili, cikin ladabi da sanin ya kamata, ko da kuwa hakan zai sa wasu su juya masa baya. Na san akwai masu ganin akasin haka, kuma suna da hujjojinsu, zan zo kansu a gaba. Amma kafin nan bari in fara da kaina, domin ni ma na taɓa ɓoyewa, na kuma san abin da na girba.

Ni 'yar Jihar Filato ce, daga yankin Mangu. Harshen da na sha a nono shi ne Mwaghavul. Hausa kuwa a kasuwa da majami'a na tsince ta. A garinmu da Hausa ake wa'azi idan an haɗu da baƙi, da Hausa zumuntar mata ke rera waƙoƙi, da ita kuma na fara koyon addu'a ina cewa Allah, ina cewa Ubangiji. Saboda haka ban taɓa ɗaukar Hausa a matsayin harshen addini ɗaya ba, sai da na girma na fita daga gida, sannan na ga yadda mutane ke kallon abin.

Abin da ya faru da ni

A dogon hutun da muka yi bayan aji biyu, malamanmu sun ba mu shawara mu je mu zauna cikin Hausawa domin bakinmu ya gyaru. Wata ƙawata 'yar ajinmu ta sama mini masauki a gidan 'yan uwanta a wani tsohon birni na ƙasar Hausa. Kafin in tafi, babu wanda bai ja mini kunne ba. Mahaifiyata ta ce in kama bakina. Ƙanwar mahaifina ta ce in cire sarƙar gicciyen da ke wuyana. Har na shiga mota maganarsu na yi mini yawo a kai.

Da na isa, uwar gidan, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, ta tarbe ni hannu bibbiyu, ta tambayi sunana. Maimakon in faɗi sunana na baftisma wanda kowa ya san ni da shi, sai na ce sunana Ladi. Ba ƙarya na yi kai tsaye ba, domin ranar Lahadi aka haife ni, kakata ma haka take kirana. Amma ni na san dalilin da ya sa na zaɓi wannan sunan. Kun dai san sunayen rana irin su Ladi da Asabe da Talatu da Jummai, Musulmi da Kirista duk suna amsa su, ba sa tona asirin kowa.

Da magariba ta yi, matan gidan suka tashi alwala, aka miƙo mini buta. Sai na sunkuyar da kai na ce ina fashin salla. Ranar Lahadi ta farko na zauna a ɗaki na ce kaina ke ciwo, na karanta Littafi Mai Tsarki a waya a ƙarƙashin mayafi kamar mai satar nama a tukunya. Ta biyu ma haka. Kullum sai na ƙirƙiro sabuwar dabara domin in rufe ta jiya, ga shi kuwa Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ranar da na cika kwana 20, Hajiya ta kira ni in taya ta tsince shinkafa. Muna cikin yi, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "'Yar nan, na haifi 'ya'ya mata, na yi jikoki, ban taɓa ganin budurwar da fashin sallarta ya kai kwana 20 ba sai ke."

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ni Kirista ce."

Ta ce, "Ai tun daren da kika zo na sani. Na ga kin runtse ido kafin ki sa hannu a tuwo. Na kuma ji bakinki, kina cewa soro kina nufin tsoro. Baki kaɗai ba hujja ba ne, akwai Musulmi masu irinsa, amma da na haɗa biyun sai na gane."

Na ce, "To Hajiya, me ya hana ki yi mini magana tun tuni?"

Ta ce, "Jira nake in ga ranar da za ki ɗauke mu mutane. Addininki bai ɓata mini rai ba, kowa da abin da ya tarar a gidansu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, kina cin tuwona kina zaton in na sani zan kore ki."

Wannan magana ta fi mari ciwo. Lahadin da ta biyo, ita da kanta ta sa jikanta ya raka ni har ƙofar wata majami'a a Sabon Gari.

Kada in yaudare ku, 'yan uwa, ba kowa ne ya karɓi abin kamar Hajiya ba. Matar babban ɗanta ta ware mini kofi da kwano, ta kuma hana 'ya'yanta kwana a ɗakina. Wata maƙwabciya da muka saba hira da yamma ta ɗauke ƙafa, ko sallama ba mu yi ba har na bar garin. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Duk da haka, makonni 3 na ƙarshe sun fi na farko daɗi nesa ba kusa ba. Na daina auna kowace kalma kafin ta fita, na shiga hira, na yi tambayoyi, aka gyara mini baki ana dariya. Kusan duk Hausar da na samu a wannan tafiya, a waɗannan makonnin na same ta.

Ba a can kaɗai na yi ɓuya ba. Da na dawo nan kudu, a taron zumuntar ɗalibai Kirista, wani ɗan uwa ya ji na ce Allah a cikin addu'a, ya kuma ji cewa Hausa nake karanta, sai ya tambaye ni ko har yanzu ni Kirista ce. Daga ranar, duk wanda ya tambaye ni abin da nake karanta sai in ce kimiyyar harshe. Ga shi nan, a arewa na ɓoye addinina, a kudu na ɓoye harshen da nake nazari, kuma tsoro ɗaya ne ya sa ni yin duka biyun.

Darasi daga Bitrus

Mu Kirista mun san labarin manzo Bitrus a daren da aka kama Yesu Almasihu. Sau uku ana tambayarsa ko yana tare da shi, sau uku yana musu kafin zakara ya yi cara. Abin da ya kamata ya ja hankalinmu, mu ɗaliban harshe, shi ne yadda aka gano shi. A Bisharar Matiyu sura 26, waɗanda ke tsaye a wurin sun gane shi ne ta irin maganarsa, domin mutanen Galili suna da karin harshensu dabam da na mutanen Urushalima. Wato karin harshe ne ya tona shi, kamar yadda nawa ya tona ni. Wanda ke tambayarsa ma ba sarki ba ne ko alƙali, da farko wata baranya ce kawai. Sau da yawa haka tsoronmu yake, ba takobi aka ɗora mana a wuya ba, kallo ne da tsegumi muke gudu.

Labarin bai tsaya nan ba. Bitrus ya yi kuka, aka yafe masa, kuma a Ayyukan Manzanni sura 4 sai ga shi tsaye gaban majalisar shugabanni yana faɗin abin da ya gaskata. Wannan ya nuna wanda ya taɓa ɓoyewa ba a rufe masa ƙofa ba. Amma ya kuma nuna cewa ɓuya ba wurin zama ba ne. A Matiyu sura 10 an koya mana cewa shaidar da mutum ya bayar a gaban mutane tana da nauyi a gaban Allah. Wanda ya ce shi mai bi ne, wannan magana ta hau kansa, ko ya so ko ya ƙi.

Shin Hausa ta addini ɗaya ce?

Tushen wannan tsoro shi ne zaton cewa Hausa da Musulunci abu ɗaya ne, don haka Kirista mai jin Hausa baƙo ne a cikinta. Gaskiya ne mafi yawan Hausawa Musulmi ne. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci birnin tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji. Malaman Musulunci ne suka fara rubuta Hausa da ajami, irin su Nana Asma'u sun yi waƙoƙi da ita, kuma kalmomin Larabci sun cika harshen, har waɗanda muke amfani da su a majami'a kamar addu'a da sujada da alheri. Duk wanda ya musa wannan bai yi adalci ba.

Amma mu duba littattafan da ke cikin manhajarmu. Wanda ya fara tattara kalmomin Hausa ya buga su a littafi a 1843, ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, shi ne James Frederick Schön, ɗan mishan ne, kuma ya samu babban taimako daga Dorugu, yaron nan Bahaushe da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Bargery, mai babban ƙamus na 1934 wanda har yau muke buɗawa, aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar nan. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'a da ƙasa irin ginin Hausa a 1929. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ba na ɓoye cewa waɗannan Turawa suna da manufarsu ta yaɗa addini, kuma sun yi aiki a inuwar mulkin mallaka. Wannan abin nazari ne, kuma ya kamata mu yi shi ba tare da son kai ba.

To amma ba Turawa kaɗai ba ne. Cikin littattafai 5 da suka fito daga gasar 1933, waɗanda kowane ɗan aji ɗaya ya san sunayensu, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, Kirista ne daga Wusasa, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940. Akwai babban asibiti a Kaduna mai ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Waɗannan mutane sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Musulmi, da sunayensu, kowa ya san abin da suke bi.

Haka kuma a duba sunayen ikilisiyoyin Arewa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, da Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, duk da Hausa suka raɗa wa kansu suna. Akwai kuma Hausawa da Fulani Kirista na asali da ke kiran kansu Masihiyawa. Kowace Lahadi, daga Filato zuwa Adamawa, daga kudancin Kaduna zuwa kudancin Borno, jama'a masu ɗimbin yawa suna yin sujada da Hausa. Idan kowannenmu ya ci gaba da ɓuya a bayan sunan rana, da hannunmu muke share wannan tarihi. Sannan gobe mu zo muna kuka cewa ba a san da mu ba. Yaya za a san da wanda ya ɓoye kansa?

Hujjar masu cewa a ɓoye

Yanzu bari in juyo ga masu cewa, ke yarinya, kin yi sa'a ne kawai kin faɗa hannun dattijuwar kirki. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙasar nan ta ga abubuwa. A Fabrairun 2018 'yan ta'adda sun sace 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a Jihar Yobe. Da aka sako yawancinsu a watan Maris, ba a sako Leah Sharibu ba, kuma waɗanda suka dawo sun ce an riƙe ta ne domin ta ƙi barin addininta. A Mayun 2022 gungun mutane sun kashe Deborah Samuel a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, abin da Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi. Iyayen da suka ji irin waɗannan labarai, in suka ce wa 'yarsu ta cire gicciye, ba za a ce musu matsorata ba.

Akwai kuma waɗanda halinsu ya fi nawa tsanani, wato wanda ya tashi a gidan wani addini ya koma wani. Ni kofi aka ware mini na makonni 3, na dawo gida wurin iyayena. Shi kuwa yana iya rasa iyayen gaba ɗaya, ya rasa gado da aure da kuɗin makaranta. Ba ni da bakin da zan ce masa ya tashi gobe ya yi shela. Littafi Mai Tsarki kansa ya ba da labarin Nikodimu wanda ya je wurin Yesu da dare, da Yusufu mutumin Arimatiya wanda ya yi bi a ɓoye saboda tsoro, kuma su biyun ne suka fito suka yi jana'izarsa lokacin da yawancin almajirai suka watse. Kowa da ranarsa, Allah ne kuma Ya san zuciya.

Don haka sai mu bambanta abu biyu. Akwai inda rai ke cikin haɗari, a nan hikima ta wajaba, kuma babu wanda ya isa ya tura wani cikin wuta yana zaune a inuwa. Akwai kuma inda abin da ke cikin haɗari shi ne farin jini kawai, wato kada ƙawa ta guje ni, kada a daina gayyata ta biki, kada a yi da ni a bayan ido. Idan muka faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan ɓuyar da mu ɗalibai muke yi ta kashi na biyu ce, amma sai mu ɗauko hujjar kashi na farko mu rufe ta da ita. Ni dai a gidan Hajiya babu wanda ya yi mini barazana. Ni na yanke musu hukunci tun kafin su buɗe baki.

Ga kuma abin da ɓuya ke jawowa. Na ɗaya, tana haifar da ƙarya, ƙarya kuwa haramun ce a addinan biyu. Na biyu, zalunci ce ga mai masauki, domin an ɗauke shi mugu ba tare da an gwada shi ba. Na uku, duk zumuncin da aka gina a kanta ba naka ba ne, na wancan mutumin ne da ka ƙirƙiro, ranar da gaskiya ta fito sai ya rushe. Na huɗu, tana ƙara wa na bayanka wahala, domin gidan da bai taɓa zama da Kirista ya san Kirista ne ba, zai ci gaba da yarda da duk abin da aka faɗa masa a kanmu.

Dokar ƙasa ma tana bayan mai faɗin gaskiya. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin canza addini da bayyana shi a fili ko a keɓe. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa. Na san takarda daban, titi daban. Amma 'yancin da kowa ke jin tsoron amfani da shi, a hankali sai ya zama kamar babu shi.

Shaida daban, tsokana daban

A nan sai in ja kunnen 'yan uwana Kirista. Bayyana addini ba lasin ba ne na raina addinin wani. Wasunmu sun ɗauka jarumtaka ita ce ɗaga murya, ko shiga zauren WhatsApp na aji a jefa maganar da za ta ƙona ran mutane. Wannan neman fitina ne, kuma baki shi ke yanka wuya. Bitrus ɗin nan da ya taɓa musu, shi ne a wasiƙarsa ta farko ya gargaɗi masu bi su kasance a shirye su ba da amsa ga mai tambaya, amma cikin tawali'u da girmamawa.

Abin da nake kira gare shi mai sauƙi ne. In an tambayi sunanka, faɗi sunanka. In an miƙo maka buta, ka ce na gode, ni Kirista ne, sannan ka matsa ka ba masu salla wuri. In Lahadi ta zo, ka ce za ni sujada. In azumi ya kama, kada ka zauna kana cin abinci a gaban masu azumi. In an tambaye ka abin da ka gaskata, faɗi iya saninka, in ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Sauran shaidar halinka ne zai bayar. Wanda ya ce shi Kirista ne sannan aka kama shi da satar jarrabawa, gara ma da ya yi shiru.

Nauyin da ke kan masu rinjaye

'Yan uwana Musulmi, ku ma kun san wannan tsoro. A nan kudu na ga abokan karatunmu suna cusa hula a aljihu kafin su shiga wata unguwa, na ga 'yar uwa tana shakkar fita da hijabi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zargi kawai. Wannan jini da na Sakkwato duk ɗaya ne a wurin Allah, kuma Kiristan da ya yi kuka a kan ɗaya ya yi shiru a kan ɗayan bai yi gaskiya ba.

Tarihin Musulunci ma yana da misali mai kyau a kan wannan batu. Lokacin hijira zuwa Habasha, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi, sarki Kirista, manzannin Ƙuraishawa suna neman a mayar da su. Aka tambaye shi abin da Musulunci ya ce game da Annabi Isa, tambayar da za ta iya jawo musu kora. Bai ɓoye ba, bai kuma yi zagi ba, ya faɗi abin da ya gaskata. Sarkin kuwa ya ƙi miƙa su. A wannan labari akwai aikin mutum biyu, na baƙo shi ne faɗin gaskiya, na mai gida shi ne kare mai faɗin ta.

A jiharmu ma mun ga irin wannan. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari yankin Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya ya hana maharan shiga. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo. Bai ce su canza addini kafin ya buɗe musu ƙofa ba. Duk inda kake da rinjaye, a ɗakin kwana ne ko a unguwa, kai ne za ka sa faɗin gaskiya ya yi wa baƙo sauƙi ko ya yi masa tsada.

Kammalawa

A ƙarshe ina da 'yan shawarwari. Ga ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu da za su je zama cikin Hausawa, ku sanar da masu masaukinku ko ku su wane ne tun kafin ku tashi, ta bakin wanda ya haɗa ku. Gidan da ba zai karɓe ku a haka ba, gara ku sani tun kuna nan. Ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, idan za a buɗe taro da addu'a, a ba ɓangarorin biyu dama, kowa ya yi da Hausa, domin kunnuwanmu su saba. Ga masu neman batun kundin kammala digiri, Hausar majami'a fili ne mai faɗi, kama daga kalmomin fassarar Littafi Mai Tsarki, zuwa waƙoƙin zumuntar mata, zuwa karin Hausar Jos da kudancin Kaduna. Ga 'yan uwana Kirista na nan kudu kuwa, ku sani cewa Kirista mai jin Hausa da na ƙasashen Larabawa duk Allah suke cewa, kuma koyon harshe bai taɓa fitar da kowa daga bangaskiya ba.

Ni dai yanzu in an tambaye ni, nakan ce ni Kirista ce, kuma Hausa nake karanta. Wani lokaci gabana yakan faɗi kafin in faɗa, ban ce tsoron ya tafi gaba ɗaya ba. Amma duk Kirsimeti nakan kira Hajiya in gaishe ta, ita ma da Salla takan aiko mini da soyayyen nama ta hannun jikarta, kuma da sunana na baftisma take kirana. Masu iya magana sun ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Allah Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya da hikimar sanin yadda za mu faɗe ta, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.